Takardar Sallamar Baba Mutawakilu

Olive ce ta tsinci akwatin. Tsohuwa ce Ba'amurkiya, maƙwabciyar Baba Mutawakilu a garin Laurel na Amurka shekara ashirin da biyu, kuma kowace safiya takan zaga bayan layinsu da karenta. Ranar Talata ta hango akwatin ƙarfe kore a gefen kwandon shara na ƙarshen titi, an ɓalle masa kwaɗo. Ta san shi, don ya daɗe a kan kabad ɗin falon maƙwabcinta. Ta rungumo shi ta kawo wa Raheema, 'yar Baba.

Hotunan marigayiya matar Baba suna ciki. 'Yan kunnenta na zinare suna ciki, a ƙulle cikin hankici. Abu ɗaya ne babu: takardar sallamarsa daga soja.

Baba Mutawakilu ɗan Zangon Kumasi ne, a ƙasar Ghana. Ya shigo Amurka a 1964 yana aiki a jirgin ruwa, ya samu izinin zama, bayan shekara uku aka kira shi soja aka tura shi yaƙin Vietnam. Da ya dawo ya tuƙa bas shekara talatin. Bai cika maganar yaƙin ba, har wasu ma ba su san ya je ba. A farkon 2012 ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙwace masa, sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Raheema, wadda ita kaɗai ya haifa, malamar firamare ce. Daga albashinta take biyan Salimatu, mai yi wa Baba wanka da ba shi abinci da magani, kuma ta san ba za ta iya wuce wata biyu a haka ba. Bayan nan sai dai gidan tsofaffi.

Gwamnati tana da tallafi na wata-wata ga tsofaffin sojojin da suka yi aiki lokacin yaƙi, idan sun kai matsayin da sai an kula da su. Amma sai an nuna takardar sallama. Sau biyu Raheema ta rubuta wa ma'ajiyar bayanan soja tana neman kwafi, sau biyu aka amsa mata cewa ba a ga mai wannan suna ba. Takarda ɗaya ta rage a duniya, tana cikin akwatin nan, makullin kuwa ya ɓace tun ranar da aka kwashi Baba zuwa asibiti. Ranar Lahadin da ta wuce, a gaban masu dubiya, Raheema ta ce Laraba za ta kira mai gyaran kwaɗo.

Kafin la'asar ɗin Talata labari ya zaga jama'ar masallaci. Wasu suka ce wa ke da makullin gida in ba Salimatu ba. Wasu suka yi ƙasa da murya suka ce wataƙila ma babu wata takarda, tun da gwamnati da kanta ta ce ba ta san shi ba. Salimatu ta ji. Ta ajiye makullin gidan a kan tebur ta tafi gida tana kuka.

'Yan sanda sun zo sun rubuta rahoto. Da suka tafi, Raheema ta kira Mubina.

*

Mubina Bazazzagiya ce, ta kusa hamsin. Aikinta nemo mutane: magadan da lauyoyi suka rasa inda suke, shaidun da suka ƙaura ba su bar adireshi ba. A masallaci ana ce mata Mai Bin Sawu, ba ta taɓa hanawa ba. Ta durƙusa ta gaida Baba a keken guragunsa, ya ɗaga mata hannun hagu. Sannan ta zauna ta zazzage akwatin a kan darduma.

"Wa ya taɓa ganin takardar?" ta tambaya.

"Ba kowa, Anti. Ko ni ban taɓa gani ba," in ji Raheema. Hausarta ta 'yan nan ce, tana yi tana tuntuɓe da Turanci. "Tun ina yarinya yake cewa tana nan ciki. Bai taɓa buɗewa a gabana ba."

"Yaushe gidan ya zama babu kowa?"

"Litinin, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Salimatu takan kai shi gashin ƙashi. Ni ina makaranta."

"Ranar Lahadi su wa suka ji kin ce za ki kira mai kwaɗo?"

Raheema ta lissafa da yatsu. Salimatu. Liman da matarsa. Abdul-Gafaru, ɗan ƙanen Baba, mai tuƙa tasi a filin jirgin Dulles. Sai Alhaji Almu, mai ofishin cike takardu, wanda rabin jama'a ke kai wa takardun haraji da na inshora.

Mubina ta kwance hankicin ta juya 'yan kunnen a tafin hannunta. Suna da nauyi.

"Wanda ya zo sata ba ya barin wannan," ta ce. "Wannan mutumin takarda ya zo ɗauka, kuma ya san ranar Laraba za ta fita daga hannunsa."

Baba ya buga hannun kujerarsa sau biyu. Suka waiwaya. Yana kallon Mubina, bakinsa yana motsi, amma abin da yake so ya faɗa bai fito ba.

*

Salimatu tana zaune a wani ƙaramin ɗaki da take haya kusa da tashar jirgin ƙasa. 'Yar unguwar Nima ce ta Accra, doguwa, hannuwanta sun yi kaushi da sabulu. An faɗa wa Mubina cewa ranar Litinin da yamma an ga Salimatu a wajen masu aika kaya Ghana da ƙunshi a hammata.

"Haka ne, Hajiya," ta ce. Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro rasit. "Maganin hawan jini ne da takalmi, na mahaifiyata. Ga shi a rubuce. Ki kira su ki tambaya."

Mubina ta duba ta mayar mata.

"In Baba ya samu tallafin nan, aikina ya tsaya da ƙafarsa," in ji Salimatu. "In bai samu ba, ni ce ta farko da za ta rasa abinci. To don me zan sace? Wata takwas ina ɗaga bawan Allahn nan. Na san lokacin da yake jin sanyi kafin shi ya sani. Yau kuma ni ce ɓarauniya."

"Da kuka fita Litinin, kin kulle ƙofar baya?"

"Ba na taɓa ta. Kullum sakatarta a saka take. Ta gaba muke bi."

"Ranar Lahadi wani ya shiga wajen kicin?"

Salimatu ta ɗan yi tunani. "Maza sun yi alwala a banɗakin da ke wajen. Duk sun bi ta nan, ɗaya bayan ɗaya. Ban lura ba."

"Tun da kike gidan, akwai wanda ya taɓa zuwa daga cikin abokansa na soja?"

"Babu. Amma akwai wani kati a durowar gefen gadonsa, da hoton tuta. Wani lokaci yakan sa in miƙo masa, ya riƙe ya yi ta kallo."

*

Olive ta shigar da Mubina kicin ɗinta ta zuba mata shayi. Ta ce ranar Litinin wajen sha ɗaya da rabi ta ga tasi a ƙofar gidan, direban ya buɗe bayan mota, ta hango guduma da wasu ƙarafa. Ya zagaya bayan gida. Ɗan'uwan nan nasu ne mai gemu.

Mubina ta rubuta. Ta tambaye ta batun abokan soja.

"Akwai wani dogo, yana ɗingishi," in ji Olive. "Duk watan Nuwamba yakan zo da tsohuwar akori-kura mai lambar Virginia, su fita cin abinci su biyu. Shekara uku ke nan ban gan shi ba. Ina tsammanin ya mutu."

Da yamma Mubina ta tuƙa zuwa garin Sterling, kusa da filin jirgin. Ta samu Abdul-Gafaru a filin da direbobi ke jiran layi, yana cin shinkafa da wake a cikin motarsa. Kowa ya san sun yi sa'insa da Raheema watan jiya, shi yana cewa a mayar da Baba Kumasi inda dangi za su kula da shi.

"An gan ka a gidan ranar Litinin da guduma," ta ce masa bayan sun gaisa.

Ya ajiye cokali. Ya fita ya buɗe bayan motar. Akwai guduma, da abin awo, da katako guda huɗu sababbi.

"Matakalar baya nake so in mayar gangara, Yaya, don keken Baba ya riƙa sauka lambu. Awo na je yi. Ban faɗa wa Raheema ba saboda ba ma magana sosai. Na fi so ta wayi gari ta gani."

"Kai da ke son a kai shi Kumasi?"

"Na faɗa, kuma har gobe ina ganin ya fi. Amma Baba ya girgiza kai. Tun da ya ƙi, ai sai in gyara masa inda yake."

"Ka shiga ciki?"

Ya sosa gemu. "Ban shiga ba. Amma ƙofar baya a buɗe na same ta, kamar faɗin tafin hannu. Na ja na rufe. Na ɗauka Salimatu ce ta manta, shi ya sa na yi shiru, kada in ja mata faɗa."

Mubina ta dawo gida tana juya maganar. In gaskiya ya faɗa, wani ya zare sakatar tun ranar Lahadi, ya dawo Litinin kafin sha ɗaya da rabi. In ƙarya ya yi, to ya iya sayen katako.

*

Ofishin Alhaji Almu yana saman wani shagon kayan abinci a Laurel. Mutum ne mai fara'a, mai farar shadda da agogon zinare. Ya tashi ya ba Mubina kujera da kansa.

"Abin nan ya dame ni, Hajiya. Tun watan uku na ce wa yarinyar nan ta bar mini aikin. Ina da tsari: a mayar da gidan da ɗan abin da Baba ya tara cikin wani asusu da nake kula da shi, sai gwamnati ta ga ba shi da komai, tallafi ya fito da wuri. Ta ƙi. Wai wata ƙungiyar tsofaffin sojoji za ta cike mata kyauta. To ga kyauta nan."

"Ka taɓa ganin takardar sallamar?"

"Ni? Ko sau ɗaya. Akwatin ma a kulle na san shi."

"Ranar Litinin da safe kana ina?"

"Ina nan ofis, ni kaɗai. Litinin ba a cika zuwa ba." Ya yi murmushi. "Ki tambaya, aikinki ne. Amma ni a ganina ki duba mai aikin nan. Irinsu ba a rasa su da hali."

Ya ja durowa ya fito da fom, an cike shi da baƙin biro, da kwanan watan Talata.

"Duk da haka ban yi fushi ba. Jiya da na ji labari na zauna na cike wannan, na neman kwafi. Ina da mutanena a can. Ta hannuna zai fito, in sha Allahu. Ki kai mata ta sa hannu a nan ƙasa, sannan ta zo mu yi maganar asusun."

Mubina ta karɓa. A cikin mota ta karanta shi layi-layi, don ba ta taɓa kai wa mutum takardar da ba ta karanta ba. Ranar haihuwa daidai ce. A gurbin sunan da mutum ya yi aikin soja da shi an rubuta Matthew Kilo. Ta ɗauka ya haɗa takardar Baba da ta wani ne. Ta ninke fom ɗin ta sa a jaka, ba ta kai wa Raheema ba.

*

Katin da Salimatu ta ambata yana cikin durowar. An sa hannu da suna ɗaya, Lemuel, ambulan kuma yana da adireshin wani gida a garin Springfield. Mubina ta je ranar Alhamis. Wasu 'yan Habasha ne a gidan, shekara biyu da tarewarsu, ba su san kowa ba. Ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya. A gida na biyar wani dattijo ya ce Lemuel Pettiford ya yi tiyatar ƙugu, ya sayar da gida da motar, 'yarsa ta ɗauke shi. Sunanta Martina, tana aiki a wani kantin magani, amma bai san wanne ba.

Kantunan magani goma sha ɗaya Mubina ta kira. A na ƙarshe aka ce Martina tana hutun cin abinci.

Ranar Juma'a da hantsi ta zauna a falon Martina, a gaban wani dogon tsoho baƙar fata mai sandar ƙarfe. Ta ce masa ta zo ne a kan Mutawakilu na Laurel. Ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya buɗe baki da dariya.

"Kilo kike nufi. Yana raye?"

Mubina ta ajiye kofin shayin da aka ba ta.

"Me ka kira shi?"

"Kilo. Matthew Kilo. Ranar da ya sauka daga jirgin ruwa ya faɗi sunansa, mai rubutu ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Da wannan sunan aka ɗauke shi soja. Sai bayan ya zama ɗan ƙasa ya je kotu ya karɓo sunan da ubansa ya raɗa masa. Ya tsani Matthew ɗin nan. Ya ce in na faɗa a gaban iyalinsa, abotarmu ta ƙare. Shekara arba'in ban faɗa ba."

Ta gaya masa halin da ake ciki: ciwon, da tallafin, da akwatin, da masu cewa wataƙila Baba bai taɓa zama soja ba. Tsohon ya daina dariya. Ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali.

"Martina," ya kira, "nemo mini rigata mai lambobi."

*

Ranar Lahadi bayan la'asar falon Baba ya cika. Mubina ta roƙi Liman ya kira duk wanda ya zo makon jiya, da duk wanda ya yi magana a kan lamarin. Salimatu ta zauna a bakin ƙofa, kanta a sunkuye. Abdul-Gafaru ya jingina da bango. Alhaji Almu ya samu kujera kusa da Liman. Lemuel yana cikin motar 'yarsa a waje, Mubina ta ce ya jira.

"Tambaya ɗaya zan yi," ta ce bayan addu'a. "Wa ya san sunan da Baba ya yi aikin soja da shi?"

Aka dubi juna.

"Ba Mutawakilu ba ne?" in ji Liman.

"Raheema?"

"Da shi na rubuta musu, Anti. Sau biyu."

"Abdul-Gafaru? Salimatu?"

Duka suka girgiza kai.

"Alhaji Almu?"

"Ni ina zan sani, Hajiya? Na faɗa miki ban taɓa ganin takardar ba."

"Ka faɗa." Ta zaro fom ɗin ta miƙa wa Liman. "Malam, rubutun wa ke nan?"

"Na Alhaji ne. Shi ke cike mini takarduna."

"Karanta mana layi na biyu."

Liman ya gyara tabarau. "Matthew Kilo."

Baba ya ɗago kai da sauri. Hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera.

"Kuskure ne," in ji Alhaji Almu. "Takardu sun yi mini yawa, na haɗa da sunan wani."

"Ni ma haka na zata," Mubina ta ce. Ta leƙa taga ta yi alama da hannu.

Lemuel ya shigo yana dogara sanda, da baƙar riga mai lambobin yabo a ƙirji. Bai kalli kowa ba. Ya nufi keken, ya sunkuya da ƙyar, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu.

"Kilo," ya ce. "Ka yafe mini. Na faɗa musu."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba, tsakanin dariya da kuka. Raheema ta toshe bakinta da gyale.

Mubina ta bari sai da falon ya lafa.

"Mutum biyu ne suka san sunan nan a duniya," ta ce. "Ɗaya ba ya iya magana. Ɗaya ga shi nan, Alhaji bai taɓa ganinsa ba sai yau. Wuri na uku da sunan yake shi ne takardar da aka sace ranar Litinin. Fom ɗin nan an cike shi ranar Talata."

"Mutanena ne suka binciko mini," in ji Almu. Muryarsa ta canza.

"Ɗazu ka ce kuskure ne. Kuma ba a binciko sunan da ba a sani ba cikin kwana ɗaya. Ka zare sakatar baya ranar Lahadi da ka shiga alwala. Ka so Raheema ta rasa hanya ta dawo wajenka, kwafi ya fito ta hannunka, ta ga ba ta da kamarka, ta sa maka hannu a kan gidan. Ka rubuta sunan gaskiya saboda ka san da shi kaɗai za a samu kwafin. Ka kuma saba mutanenmu ba sa karanta abin da ka ba su, sa hannu kawai suke yi."

Liman ya ninke fom ɗin ya ɗora a gwiwarsa.

"Alhaji," ya ce a hankali, "takardar tana ina?"

Almu ya dubi ƙofa. Abdul-Gafaru ya riga ya tsaya a bakinta. Ya dubi Baba, ya kasa riƙe idonsa.

"Tana mota," ya ce. "Ban yi niyyar lalata ta ba. Da na mayar."

Abdul-Gafaru ya raka shi suka dawo da ita cikin farin ambulan. Raheema ta karɓa da hannu biyu. Takardar ta yi ruwan ƙasa, ta tsage a wajen ninki. Wata Hajiya ta fara cewa a rufa asiri, a bar maganar a cikin gida. Raheema ta ce a'a. Ta ce akwai tsofaffi nawa da suka sa masa hannu ba su karanta ba, ta ɗauki waya ta kira ɗan sandan da ya rubuta rahoto.

Kafin 'yan sanda su iso, Liman ya juya wajen Lemuel ya tambaye shi da Turanci wane aiki Baba ya yi a yaƙin.

"Motar ɗaukar waɗanda aka harba yake tuƙawa," in ji Lemuel, Raheema tana fassara wa tsofaffin mata. "Watan Disamba na sittin da bakwai aka yi mana kwanton ɓauna a wata hanya. Mu bakwai muka faɗi. An ce kada wata mota ta shiga. Ya shiga. Ya ɗauki huɗu ya fita, ya dawo da taya ɗaya a fashe ya ɗauki uku. Ni ne na ƙarshe, a kafaɗa ya ɗauko ni. Kuma yana azumi ranar. Na miƙa masa gorar ruwana a cikin mota, ya nuna mini rana, wai ba ta faɗi ba tukuna. Ina da 'ya'ya uku da jikoki takwas. Duk daga kafaɗar mutumin nan suka fito."

Dattawan da suka yi shekara talatin suna sallah sahu ɗaya da Baba suka juya suna kallonsa. Ɗaya daga cikin masu cewa babu takarda ya tashi, ya zo ya durƙusa a gaban keken, ya sunkuyar da kai. Matar Liman ta ratsa falon ta kama hannun Salimatu a gaban kowa.

"Mun ɗauki alhakinki, 'yata. Ki yafe mana."

Salimatu ta share ido da bayan hannu. Ta dubi agogon bango.

"Na yafe, Hajiya. Amma ku ɗan matsa, lokacin maganinsa ya wuce da minti ashirin."

*

Iyalai huɗu suka fito daga baya da takardun da Almu ya sa su sa hannu, ofishinsa kuma bai sake buɗewa ba.

Bayan mako biyu aka kai Baba ofishin ƙungiyar tsofaffin sojojin da ke cike takardun tallafi kyauta. Abdul-Gafaru ya tuƙa, Salimatu ta tura keke, Mubina ta bi su da takardar kotu ta canjin suna, wadda ta tono a ma'ajiyar gunduma. Ma'aikaciyar, wata farar mace mai furfura wadda ita ma ta yi soja, ta shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe. Ta ce komai ya haɗu, kuma in an amince, za a biya tun daga watan da aka shigar da buƙata. Sai ta matso da fom gabanta.

"Saura lambarsa ta soja," ta ce wa Raheema. "Tawadar ta dushe a wajen ninkin nan. Bari in ɗauko gilashin ƙara girma."

Baba ya gyara zama. Ya miƙe bayansa daga jikin keken, ya ɗaga haɓa, ya kalli bango kamar akwai hafsa a tsaye a wurin. Sannan da murya mai kauri, wadda ba a ji ba wata tara, ya jero haruffa biyu da lambobi takwas da Turanci, ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ma'aikaciyar ta ɗora gilashin a kan takardar ta bi da yatsa har ƙarshe. Ta ajiye biro, ta tashi tsaye ta sara masa.

Raheema ta durƙusa a gefen keken, hawaye na zuba, tana dariya.

"Baba, kana da wannan a kai duk watannin nan, muna ta wahala?"

Ya dube ta, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ya yi ta kokawa da harshensa har kalmomin suka fito, da Hausa wannan karon.

"Ba ku... tambaya ba."